Motar da Ta Tsaya a Fadan Kagoma

Wata Laraba ce a cikin watan Agusta na shekarar 1976. An kwana ana ruwa, da hantsi ya ɗauke amma gari bai washe ba. Ina zaune a gaban motar Baba, a matse tsakaninsa da Kawu Danladi, yayan Mama, gwiwata tana gogar sandar giya. A baya an kwantar da kujera an shimfiɗa tabarma, Mama na kwance a kai cikin farin ƙyalle, matan zumunta biyu na cocinmu suna zaune a gefenta suna rera waƙa ƙasa-ƙasa. Daga asibiti a Kafanchan muka ɗauko ta, inda haihuwa ta zo mata da gardama, ta tafi da ita da jaririn duka. Kwoi za mu kai ta, an riga an aika tun jiya samari su haƙa kabari a bayan gidanmu. Shekarata goma sha ɗaya, kuma abu ɗaya na riƙe a raina tun daga barandar asibiti, maganar da Baba ya yi mini da ya ga kukana ya ƙi tsayawa: “Gida za mu kai ta, Hannatu. Kusa da ke za ta kwanta, ke za ki riƙa share mata.” Muna dab da Fadan Kagoma motar ta fara nauyi.

Motar nan tsohuwa ce tun kafin ta shigo gidanmu. Wata Baturiyar mishan ce ta bar wa Baba ita da za ta koma ƙasarsu, doguwa mai ƙofa a baya, fentinta ya koɗe har ba a iya cewa ga launinsa na asali. 'Yan makarantar da Baba ke yi wa hedimasta sun sa mata suna Sannu-Sannu, in ta shigo fili sai su bar langa da carafke su bi ta a guje, kuma sau da yawa su suke riga ta isa bakin ofis. Amma a unguwarmu babu wata sai ita. Ta ɗauki buhunan citta zuwa kasuwa, ta ɗauki amare, ta ɗauki wanda maciji ya sara a gona, ta ɗauki Fasto zuwa taron ikilisiyoyi, har alade ta taɓa ɗauka, muka yi mako muna wanke warinsa. Baba ba ya barin kowa ya taɓa injinta. Kowace Asabar bayan mun dawo daga ciyawar citta, sai ya buɗe bonet ya duba ruwa, ya duba baƙin mai, ya buɗe wata 'yar tukunya a gefen sitiyari ya leƙa man birki. Ni da ƙanena Luka mu ne 'yan ɗebo ruwa daga rafi, Mama kuma tana tsaye a gefensa da tsumma a hannu, tana kallon duk abin da yake yi.

Mama tela ce, kuma mace ce da ba ta iya jin abu yana ƙara ta ƙyale shi. Tana da wani ɗan gwangwanin man keken ɗinki mai dogon baki siriri, wanda take naɗewa da ƙyallen atamfa. Da shi take bin duk abin da ya yi kuka a gidan: ƙofar rumbu, sarƙar keken Baba, almakashi, makullin akwati, har ƙyauren coci in ta je shara ranar Asabar. Takan ce, “Abu in ya yi kuka, mai yake nema.” Ita ce kuma ta ɗora mini sharar kaburbura. A wurinmu ba a kai mamaci nesa, a bayan ɗaki ake ajiye shi, tsakanin gwaza da bishiyar lemo, inda zai ji ana surfen acca yana kuma jin faɗan yara. Kowace safiya kafin a buga ƙarfen makaranta, sai na share kabarin kakana na wajen uba, na cire ciyawar da ta leƙo, ina mita don Luka yana can yana shan kunu. Mama takan ce da ni, “Wanda ake share wa bai tafi ba tukuna.” Shi ya sa maganar Baba a asibiti ta tsayar mini da kuka. Na yarda an ɗauke mini ita daga ɗaki, amma za a bar mini ita a bayan ɗaki.

Da farko Baba ya ɗauka laka ce. Ya sauko da giya, ya ƙara taka totur, injin ya yi ruri amma motar tana tafiya kamar an ɗaura mata dutsen niƙa a baya. Can sai wani wari ya shigo, warin ƙarfe da ya sha wuta haɗe da na roba. Matan da ke baya suka yi shiru da waƙa. A gindin wani ɗan hawa da ko keke ba ya jinsa, motar ta tsaya cik. Muka fito. Baba ya kai hannu kusa da tayar gaba ya janye da sauri, ya ɗebo ruwan kududdufi a tafin hannu ya watsa, ruwan ya yi cuu ya tashi tururi. Ya zagaya sauran tayoyin, duk haka suke. Kawu Danladi bai kalli taya ko ɗaya ba. Manomi ne, dattijo a cocinsu, mutum ne mai son Mama ƙwarai, shi ya goya ta tana ƙarama. Ya tsaya yana kallon farin ƙyallen ta gilashi, sannan ya juya ya kalli hanyar ƙafa da ta ratse zuwa ƙauyensu, wadda ba ta da nisa daga inda muke. Ya ce da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, “Malam, ba mota ba ne. Ƙanwana ne ba ya son wucewa.”

Baba ya ce masa wannan ba maganar mai bi ba ce, wanda ya mutu cikin Ubangiji ba ya riƙe taya. Muka zauna a bakin hanya har ƙarfen ya huce. Da aka sake tayarwa sai ga ta tana tafiya garau, na ji Baba ya saki numfashi. Amma hanyar duk ramuka ce da gangare, dole ya riƙa taka birki, kuma kowane taki sai ta ƙara nauyi. Ba mu yi nisa ba warin ya dawo. Ta sake tsayawa, wannan karon a daidai bakin hanyar ƙauyen su Mama, kamar an auna. Masu zuwa gona suka tsaya kallo, wani yaro ya sheƙa da gudu cikin ƙauye, kafin a jima mutane sun cika wurin. Kaka, uwar Mama, ta iso ba ɗankwali, ta faɗi a kan ƙofar baya tana kiran sunan 'yarta na yare wanda ban taɓa jin kowa ya kira ta da shi ba. Dattawa suka kewaye Baba. Ba su yi masa tsawa ba, da ma tsawa suka yi da ya fi sauƙi. A hankali suka riƙa gaya masa cewa sun san abin nan tun kakanni, gawa in ba ta son inda za a kai ta nauyi take yi, ko a ka aka ɗauke ta sai ta juya da masu ɗauka. Sun ba shi 'yarsu da rai ba su hana ba, yanzu ita da kanta ta nuna inda take so.

Ni ba na jin yarensu sosai, amma na gane inda maganar ta nufa. Na kama rigar Baba ina ja, ina cewa ya gaya musu an haƙa a gida, ya gaya musu Luka yana jira. Baba ya roƙi a bar shi ya cire taya ɗaya ya duba. Kawu ya nuna sama, hadari yana haɗuwa, ya ce, “Za ka bar shi a rana da ruwa kana wasa da sifana? Matanka ne ko injin?” Baba ya duba fuskoki bai ga wanda ke bayansa ba, har matan zumuntan da muka taho da su sun sunkuyar da kai. Bai ce ya yarda ba. Ya dai matsa daga bakin ƙofar, samari suka buɗe, suka fito da Mama suka ɗora ta a ka. Abin da ya ƙarasa mu kuma shi ne, a tsawon gardamar nan ƙarfen ya sake hucewa. Baba ya tayar don ya bi bayansu, motar ta bi hanyar ƙauyen sumul, a hankali, ba ko tangarɗa. Mata suka ɗaga hannu sama suna cewa kun gani, kun gani. A ranar na tsani motar nan, na tsani Kawu, kuma in faɗi gaskiya, na ji haushin Mama, don ni ma na fara yarda cewa ita ce ta ƙi mu.

An binne ta da la'asar a bayan ɗakin Kaka, ana yayyafi. Luka bai gani ba, yana Kwoi a bakin wani ramin tare da rabin garin da 'yan makaranta cikin yunifom. Washegari da safe muka kama hanyar gida, ni da Baba kaɗai, bayan motar wayam sai tabarma. Mun kusa shiga Kwoi sai warin nan ya sake tasowa, motar ta yi nauyi, ta tsaya. Baba ya juya ya kalli tabarmar, ya kife goshinsa a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko a asibiti bai yi ba. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, “Babu kowa a ciki, Hannatu. Babu kowa, ga shi ta tsaya.” A gida kuwa, tunda ba a barin kabari da baki buɗe, dattawa suka sa aka saro kututturen ayaba aka kwantar a ciki aka mayar da ƙasa.

Bayan an watse daga zaman makoki, Baba bai koma gona ba, bai buɗe littafi ba. Ciyawa ta rufe citta, aladu suna ihun yunwa sai na tuna da su, shi yana ƙarƙashin mota a gindin mangwaro. Maƙwabta suka ce baƙin ciki ya taɓa shi. Ni da nake miƙa masa sifana na san ba haka ba ne, amsa yake nema. Ya ɗaga motar da jak ya juya taya da hannu, ta juya lafiya lau. Ya sauke, ya zagaya filin makaranta yana taka birki yana saki, ya dawo ya sake ɗagawa, tayar ta ƙi motsi ko da ya sa ƙarfinsa duka. Ya fara zargin wayar birkin hannu, ko laka ta cushe ta. Ya wanke ta tas, bai canja komai ba, kuma ya ce wayar nan tayoyin baya kaɗai take riƙewa, alhali har na gaba suna zafi. Ya ciccire tayoyin da kwanon ƙarfen da ke bayansu, ya goge tsatsa, ya duba ko wani sifirin ya karye, ya sassauta abin da ake sassautawa. Duk lafiya. Yakan yi magana shi kaɗai kamar yana aji: da taya ɗaya ce, da laifin na wurinta, tunda duka huɗun ne, to daga inda suka haɗu ne. Sai wata rana, bayan ya sa tayoyin sun kame, ya kwance wata 'yar ƙusa a bayan taya, wadda ake fitar da iska ta wurinta. Mai ya yi tsartuwa ya ɓata masa riga, kuma nan take tayar ta saki, ya zagaya ya tarar sauran ma sun saki. Ya ce mini man yana zuwa ya matse birki, amma ba ya samun hanyar komawa.

Ya buɗe bonet ya cire murfin 'yar tukunyar man birki. Robar da ke cikin murfin ta kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, ta ƙi komawa mazauninta. Ya tsiyaye man a kofin gilashi ya ɗaga a rana, sai ga shi ya rabu biyu, wani fari-fari yana yawo a saman ɗayan. Ya kwance abin da makanikai ke kira masta, wato inda ƙafa ke tura man daga tukunyar zuwa tayoyi, ya tarar robobin ciki sun kumbura sun toshe ɗan ramin da man ke bi ya koma. Da sanyi yakan tsiyaya a hankali ya saki, da an yi tafiya ƙarfe ya ɗau zafi sai ya kame gaba ɗaya. Baba ya tsoma yatsa a man da ke yawo a saman kofin ya kai hanci. Na ga fuskarsa ta canja. Ya miƙo mini yatsan, kuma ban buƙaci a gaya mini ba, warin ɗakin Mama ne, warin da ke jikin kowace rigar Kirsimeti da ta taɓa ɗinka mini. Ya zura hannu a lungun da ke bayan batir, inda yake ajiye gwangwanin man birki. Gwangwanin na nan, babu ko ɗigo a ciki. A kusa da shi ga ɗan gwangwanin Mama mai dogon baki, naɗe da ƙyallen atamfa.

Sai a lokacin muka haɗa labarin. Kafin a kai ta asibiti Baba ya yi 'yan kwanaki a wani kwas na malamai, kuma kafin ya tafi ya faɗa a gabanta cewa man birki ya yi ƙasa, na gwangwani ya ƙare, sai ya shiga Kafanchan zai sayo. Ita kuwa ga ciki ya tsufa, ƙafafu sun kumbura, ta san motar nan ce za ta kai ta in abu ya taso. Ta ga tukunya tana neman mai, ga mai a hannunta, fari tas mai tsabta, wanda bai taɓa ba ta kunya ba. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa robar birki ba ta shan kowane mai sai nata. Motar ta kai ta asibiti, sannan ta yi kwana da kwanaki a ajiye a gindin bishiya, robobin suna sha suna kumbura. Baba ya zauna a ƙasa, gwangwanin a tafin hannunsa. Na tambaye shi ko zai je ya gaya wa Kawu, don su san ba ƙin mu ta yi ba, su dawo mana da ita. Ya girgiza kai. Ya ce ba a tone wanda aka binne, kuma ba zai tsaya a gaban Kaka ya ce 'yarta ta lalata birki ba. Ya ce, “Ta so ta taimake ni ne.”

Gyaran ya ɗauki lokaci, don duk inda man nan ya ratsa sai an canja robarsa. Baba ya hau keke zuwa Kafanchan ya samo waɗansu, waɗansu sai da wani direban lori ya taho da su daga Jos. Ya wanke bututan da sifirit, ya bar su suka bushe, ya sa sabbin robobi da sabbin tiyo, ya cika tukunya da man birki na gaske. Saura fitar da iska, aikin mutum biyu, ɗaya a ƙarƙashi ɗaya a kan kujera. Da Mama ce ke zama a kujerar. Ranar ni aka ɗora, aka sa mini matashi a baya don ƙafata ta kai. Daga ƙarƙashin mota muryarsa ke fitowa: “Taka. Riƙe. Saki.” Ina takawa ina kuka, yana ji, bai ce in daina ba. Muka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya har man ya riƙa fita ba kumfa.

Ranar Asabar da ta biyo ya ce mu shiga mota, ni da Luka. Ban tambayi inda za mu ba, na dai koma da gudu na ɗauko tsintsiyata na jefa a baya. Sannu-Sannu ba ta taɓa tafiya mai daɗi irin ta ranar ba. Ta hau hawa, ta sauka gangare, Baba ya tsaya a hanya ya taɓa tayoyin, sanyi ƙalau. Wannan lafiyar tata ta fi komai ƙona mini rai. Mun tarar da kabarin ciyawa ta fara rufe shi, ba don ba sa sonta ba, Kaka ba ta iya sunkuyawa, yaran gidan kuma suna da nasu na sharewa. Na durƙusa na cire ciyawar da hannu, na share, Luka yana tsaye yana tambaya ko nan ne da gaske. Kawu Danladi ya zo ya dafa bonet ya ce, “Ka gani, Malam? Tun da ya kwanta, mota ya samu lafiya.” Baba ya ce, “Haka ne, Yaya.” Daga nan sai lokacin hutu ake kai ni. Sauran safiyoyin shekara kuwa kabarin ayaba nake sharewa a bayan gidanmu, don na kasa wuce shi da tsintsiya a hannu.

Yanzu hanyar nan ba irin ta da ba ce, mota takan wuce Fadan Kagoma kafin mutum ya gama gaisawa da na kusa da shi. Motar da nake tuƙawa in man birki ya yi ƙasa da kanta take kunna fitila ta gaya mini, kuma a jikin murfin an rubuta irin man da take sha. Gawa ma sai ta yi makonni a ɗakin sanyi, dangi na ta waya har su daidaita inda za a kai ta, ba mai tsayawa a bakin hanya yana gardama da hadari a kansa. Baba ya rasu da daɗewa, yana kwance a bayan gidanmu kusa da kututturen ayaba, Kawu kuma ya tafi bai taɓa jin labarin gwangwanin ba. Gwangwanin yana wurina, ƙyallen ya koɗe, man ciki ya daskare, amma in na buɗe har yanzu da sauran warin. Duk lokacin da na zo bakin hanyar ƙauyen nan, ko ba ratsewa zan yi ba, sai in ji ƙafata ta sauka a kan birki ba tare da na sa ta ba. Birki dai mun gyara shi, Mama kuwa tana can inda motar ta tsaya.